Yadda za ka auna takardar bayanin tul ɗin neman lambobin cuta kafin ka miƙa shi ga ejan ɗin AI, wato manhajar AI mai kiran wasu manhajoji da kanta don ta yi maka aiki

Yanzu tul na neman lambobin asibiti sun cika gari, musamman tun da kamfanin AI na Anthropic suka fito da MCP, wato ƙa'idar haɗa ejan ɗin AI da tul na waje, a watan Nuwamba 2024, kowa sai ya naɗe wani rumbun lambobi a cikin saba ya ce ga shi nan ka haɗa da ejan ɗinka ya riƙa nemo maka ICD, wato lambobin cututtuka, ko LOINC, wato lambobin gwaje-gwajen asibiti. To matsalar ita ce mutane suna duba ko tul ɗin yana aiki ne kawai, su danna su ga lamba ta fito su ce shikenan, amma ba sa tsayawa su karanta abin da aka rubuta wa ejan ɗin, alhali shi ejan ba ya ganin sikirin, ba ya buɗe shafin GitHub ya karanta dogon bayanin da aka jera wa mutane, abin da ke isa gare shi abu uku ne kacal: sunan tul ɗin, ƴan layukan da ke cikin description, da kuma tsarin gurbin da zai cike wato inputSchema. Da waɗannan yake yanke shawarar ko zai kira tul ɗin, da me zai kira shi, da kuma yadda zai fahimci amsar. Kamar ka aiki yaro kemis da ƴar takarda ne, abin da ba ka rubuta ba ba zai dawo ya tambaye ka ba, zai kawo abin da ya ga ya yi kama ne kawai, kuma da fara'arsa.

Don haka abin farko, ka daina karanta README tukuna, wato wancan dogon bayanin da aka rubuta wa mutane. Ka kira tools/list a kan sabar, wato umarnin da ke jero tul ɗin da ke cikinta, ko ka buɗe ta da manhajar gwaji ta MCP Inspector, ka kwafo ainihin rubutun da ejan zai gani ka ajiye shi a fayil ɗaya. Wannan rubutun shi ne abin da za ka auna. Sau tari za ka tarar README ya yi kyau har da hotuna da misalai, amma description ɗin layi ɗaya ne mai cewa yana neman lambobin likitanci, ƙarshen zance. In dai bayani yana README amma ba ya cikin abin da ejan ke gani, ka ɗauka babu shi.

Wane ICD ake nufi?

A nan zan ɗan daɗe domin a nan ake yawan yin ɓarna, kuma ɓarnar ba ta ƙara, shiru take zuwa.

Kalmar ICD-10 kaɗai ba ta isa ba ɗan'uwa. Akwai ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya WHO wanda aka amince da shi a 1990 aka fara aiki da shi a 1994, akwai kuma ICD-10-CM na Amurka wanda suka koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015, mai lambobi wajen dubu 70, akwai ICD-10-PCS na ayyukan tiyata da makamantansu ga waɗanda aka kwantar, wanda shi ma na Amurka ne, sannan ƙasashe irin Jamus da Ostiraliya da Kanada kowa da nasa gyararren. Ga kuma ICD-11 da aka amince da shi a 2019 ya fara aiki 1 ga Janairu 2022, wanda lambobinsa ma daban suke gaba ɗaya, hawan jini I10 ne a ICD-10 amma BA00 ne a ICD-11, ciwon suga nau'i na biyu E11 ne a can amma 5A11 a nan, zazzaɓin cizon sauro na falsifarum B50 ya koma 1F40. Tsakanin na 10 da na 11 ba a cika ruɗewa ba saboda kamanninsu ya bambanta, inda ake faɗawa rami shi ne tsakanin na WHO da na Amurka, domin sun yi kama sosai har mutum ya rantse abu ɗaya ne.

Ka gwada da sikila ka gani. A na WHO, D57.0 cikakkiyar lamba ce, mai sikila da ciwon ya tashi. A ICD-10-CM kuwa D57.0 kan layi ne kawai, ba a karɓarta a takardar neman kuɗi, sai ka gangara zuwa D57.00 ko D57.01 ko D57.02 da sauransu gwargwadon abin da likita ya rubuta. Taifot ma haka, A01.0 a WHO, amma a Amurka sai A01.00 in ba a fayyace wata matsala ba. Korona ta fi ban sha'awa, U07.1 tana ko'ina, amma U07.2 wadda WHO ta ware wa wanda alamu suka nuna amma gwaji bai tabbatar ba, Amurka ba su ɗauke ta a ICD-10-CM ba sam. To in description bai faɗi wanne yake ɗauke da shi ba, ejan zai nemi U07.2 ya ga babu, ya dawo ya ce maka lambar ƙarya ce, ko kuma ya ba asibitin da ke aiki da na WHO lamba mai harafi bakwai da manhajarsu ba za ta ma karɓa ba.

Abin da kake son gani a rubuce shi ne cikakken sunan tsarin, da wanda ya fitar da shi, da kuma jimla ɗaya mai cewa ga abin da babu a ciki. Wannan jimlar ta ƙarshe mutane ba sa son rubuta ta saboda tana kama da rage wa kaya daraja, amma ita ce ta fi ceton ejan. Misali a ce wannan tul ICD-10-CM ne kaɗai, babu ICD-10 na WHO, babu ICD-11, babu CPT (lambobin ayyukan likita na Amurka), in an tambaye ka waɗannan kada ka yi amfani da ni. In ka ga haka to marubucin ya san aikinsa. In tul ɗin yana ɗauke da tsari da yawa, ka duba ko gurbin zaɓen tsarin an kulle shi da enum, wato jerin zaɓi ƙayyadadde, ko kuwa an bar shi fili ejan ya rubuta abin da ya ga dama, yau ICD10 gobe icd-10-cm jibi ICD. Masu bin FHIR, wato ƙa'idar musayar bayanan lafiya ta ƙungiyar HL7, sun sauƙaƙa wannan domin kowane tsari yana da adireshinsa na dindindin, na icd-10 daban na icd-10-cm daban, in tul ɗin yana dawo da wannan adireshi tare da kowace lamba ka ƙara masa maki.

Mu da ke wannan yankin abin ya shafe mu ta fuska biyu, akwai masu gina manhajar asibiti ko ta kilem na inshora a gida, akwai kuma matasa da ke yi wa kamfanonin bilin na Amurka aiki daga nesa. Na farko ya fara tambayar HMO ko hukumar da zai tura wa wane tsari suke karɓa kafin ma ya zaɓi tul, domin yawancin tul ɗin kyauta da za ka ci karo da su a kan bayanan Amurka aka gina su, irin Clinical Tables na National Library of Medicine, saboda su ne a buɗe ba sai da rajista ba. Na WHO kuwa sai ka yi rajista ka karɓi makulli, ko ka sauke shi ka kunna shi a kan na'urarka ta manhajar Docker.

Sai shekarar bugu

ICD-10-CM yana canzawa duk 1 ga Oktoba, akwai kuma ƙaramin sabuntawa na 1 ga Afrilu. Ana ƙara lambobi, ana goge wasu, ana farfasa wasu. Ciwon ƙugu M54.5 ne shekara da shekaru, sai 1 ga Oktoba 2021 aka farfasa shi zuwa M54.50 da M54.51 da M54.59, a wannan ranar ce tari R05 shi ma ya rabu zuwa R05.1 har R05.9, ciwon kai R51 kuwa tun Oktoba 2020 ya zama R51.0 da R51.9. Waɗannan ukun su ne tarkon da na fi so, domin modal ɗin AI ya haddace tsofaffin lambobin daga tsohon rubutun intanet, dalilin ba shi tul tun farko ke nan, a hana shi faɗa daga ka. In tul ɗin kansa tsohon fayil yake ɗauke da shi kuma bai faɗa ba, to an yi ba a yi ba.

Ka duba ko takardar ta faɗi bugun wace shekara ne, ko amsar da ke dawowa tana ɗauke da shekarar, da kuma ko akwai gurbin saka ranar da aka ga mara lafiya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ranar aikin ce ke yanke wace lamba ce daidai ba ranar da kake zaune kana cike takarda ba, wanda aka gani a Satumba 2021 M54.5 ce tasa ko da yau kake gyara fayil ɗinsa. Kalmar da ya kamata ta sa ka ɗaga gira ita ce in an rubuta wai kullum sabo ne ko na baya-bayan nan, ba tare da kwanan wata ba. Na baya-bayan nan a wajen wa, a yaushe?

Gurbin shigarwa

Nan ba sai an ja zance ba, amma ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Gurbi mai suna query ko q kawai ba tare da bayani ba, ejan bai san ko lamba ake so ko sunan cuta ko duka biyun ba. Shin da ɗigo ake rubutawa ko babu, domin fayilolin CMS, wato hukumar inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, da takardun kilem na lantarki E119 suke rubutawa, mutane kuma E11.9, in tul ɗin ɗaya kawai yake ganewa dole a faɗa. Ƙananan baƙaƙe fa, e11.9 zai wuce? In ka ba shi E11 kaɗai zai kawo duk ƴaƴan da ke ƙarƙashinta ko kan layin kawai? Guda nawa yake dawowa da su in ba ka ce komai ba, kuma yaya ake neman ci gaban jerin? Wane harshe yake ji, domin abokan aikinmu na Nijar da Faransanci suke rubutu kuma CIM-10 suke ce wa ICD-10, in ejan ya tura paludisme, wato zazzaɓin cizon sauro, ga tul mai Turanci zalla fanko zai samu, sai a rubuta masa cewa ya fara juya kalmar zuwa Turancin likitoci kafin ya nema. Haka gajerun kalmomin da likitoci ke ƙaunar rubutawa irin HTN (hawan jini) da DM (ciwon suga) da PUD (gyambon ciki), ko dai tul ɗin yana gane su ko a ce wa ejan ya warware su.

Kowace tambaya a nan amsarta ta kasance a cikin rubutun da ka kwafo. In sai da ka gwada da hannunka ka gano, to ka rubuta a matsayin giɓi, ko da tul ɗin ya yi abin da ya dace.

Abin da ke dawowa, da abin da ake ɓoyewa

Lamba da sunanta kawai ba su isa aikin lambobin asibiti ba, kuma duk wanda ya taɓa zama da ma'aikacin rikod zai gaya maka haka. Littafin ICD-10-CM cike yake da ƙananan umarni a ƙarƙashin lambobi, su ne ainihin ilimin. Akwai Excludes1 mai nufin waɗannan biyun ba a haɗa su tare, akwai Excludes2 mai nufin wancan ciwon ba ya cikin wannan lambar amma mutum zai iya samun duka biyun a rubuta su tare, bambancin lamba ɗaya ce a suna amma ma'anar ta yi hannun riga. Akwai umarnin a fara rubuta wata lamba kafin wannan, akwai na a ƙara wata bayanta, kamar mai ciwon suga nau'i na biyu da ke kan insulin na dogon lokaci, E11 ɗinsa tana tafiya da Z79.4. A na WHO kuma akwai tsarin alamar wuƙa da tauraro, inda lamba mai tauraro ba ta tsayawa ita kaɗai. To tambayarka ga takardar ita ce, tul ɗin yana dawo da waɗannan umarnin, in yana yi a wane gurbi, kuma an bayyana wa ejan me zai yi da su? In ba ya yi, an faɗa ƙarara cewa ba ya yi?

Sai maganar harafi na bakwai a ICD-10-CM, wadda take kama mutane a ɓangaren rauni da guba. Harafin A yana nufin ana cikin magani na farko, D bibiya ce bayan an wuce wannan, S kuma larurar da ta biyo baya. In lambar ba ta kai harafi shida ba sai a cike da X, shi ya sa faɗuwar da ba a fayyace ba take zama W19.XXXA, abin dariya a ido amma haka dokar take. Saran maciji misali ne mai kyau na gwaji, a WHO T63.0 ce kawai an gama, a na Amurka kuwa sai ka zaɓi irin macijin da ko ganganci ne ko tsautsayi da kuma harafin ƙarshe, kububuwa da ke addabar manoma a wajajen Kaltungo ba ta da layinta, tana faɗawa cikin sauran macizan Afirka da Asiya ne, T63.081A in tsautsayi ne kuma zuwan farko. Tul ɗin da ya tsaya a T63.08 bai ce wa ejan lambar ba ta cika ba ya bar shi a tsakiyar hanya. Ka nemi wani gurbi a amsar, sau da yawa billable ake kiransa, mai nuna ko lambar cikakkiya ce, ka kuma duba ko an yi bayanin ma'anarsa, domin cikakkiyar lamba ba ta nufin inshora za ta biya, abu biyu ne daban kuma ejan yana iya cakuɗa su ya yi wa mutum alkawarin da ba nasa ba.

In amsar tana da maki na kusanci, wato lamba mai nuna yadda sakamakon ya dace da abin da aka nema, a faɗi me ake aunawa. Yawanci kamannin kalmomi ne kawai, ba hukuncin likita ba. Ejan da ba a gaya wa haka ba zai ɗauki na saman jeri ya tafi, kuma na saman jeri sau tari shi ne wanda ba a fayyace ba mai ƙarewa da 9, irin B50.9 ko ma B54, alhali likita ya rubuta zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwa wanda B50.0 ce.

In an nema ba a samu ba fa

Wannan ɓangaren ne takardu suka fi yin shiru a kai, kuma ni a wajena shi ne ke raba tul na gaske da na wasan yara. Akwai yanayi aƙalla huɗu da duk za su iya dawowa da fanko: lambar babu ita ko kaɗan, lambar ta taɓa kasancewa amma an goge ta, lambar tana nan amma a wani tsarin daban, ko kuma sabar da ke baya ce ta faɗi ko ta ce ka cika kira. In duka huɗun amsa iri ɗaya suke bayarwa, ejan ba shi da yadda zai bambance, kuma abin da modal ke yi in ya ga fanko shi ne ya cike da abin da ke kansa, ya kawo maka lamba mai kyan gani da cikakken ƙarfin gwiwa. MCP yana da alamar isError don irin wannan, ka duba ko ana amfani da ita, ka kuma karanta saƙon kuskuren da kanka, shin yana gaya wa ejan matakin gaba? Saƙon da ya ce an goge M54.5 ranar kaza ga waɗanda suka maye gurbinta ya fi lambar kuskure ta 404 tsirara nesa ba kusa ba. Kuma a description ɗin ya kamata a sami layi mai cewa in ba a samu ba ka faɗa wa mai tambaya ba a samu ba, kada ka ƙirƙira.

Ka jefa masa ƴan tarko na rubutu ma, 110 da lamba ɗaya a madadin I10 da harafi, ko sifili a madadin harafin O na babin masu juna biyu, irin kuskuren da ke fitowa in an ɗauko rubutu daga hoton takarda. Wannan ruɗanin ne ya sa ICD-11 ta cire haruffan I da O daga lambobinta gaba ɗaya.

Lasisi da sirrin mara lafiya

CPT mallakar ƙungiyar likitocin Amurka ce AMA, da kuɗi ake karɓar lasisinsa, don haka in ka ga tul na kyauta yana zubo lambobi irin 99213 da cikakken bayaninsu kuma takardarsa ba ta ambaci lasisi ko sau ɗaya ba, ka tambaya kafin ka ɗora sana'arka a kai. SNOMED CT, wani rumbun kalmomin likitanci, shi ma da lasisi yake, sharaɗinsa ya danganta da ko ƙasarka mamba ce a SNOMED International. LOINC na cibiyar Regenstrief kyauta ne amma da sharuɗɗansa. Wannan kam a README ya dace ya zauna, na mutum ne ba na ejan ba.

Na sirri kuwa ya shafi duka biyun. Ejan yana da halin kwaso dukan rubutun likita, da suna da shekaru da lambar kati, ya zuba a gurbin nema. Takardar ta faɗi ina tambayoyin ke zuwa, ana ajiye su ko ba a yi, sannan a description a ce masa sunan cuta kawai zai turo. A Amurka dokar HIPAA ta 1996 ce ke kan wannan, a Najeriya kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ba abin da za ka ce ai ban sani ba ne. Tun da kana karanta description ɗin ma, ka lura ko akwai wani baƙon umarni da aka cusa a ciki da bai shafi neman lamba ba, irin a ce wa ejan ya karanto wani fayil ko ya ɓoye wa mai amfani wani abu, domin duk abin da ke wurin modal umarni yake ɗaukarsa. Tul na nema kuma ya dace ya zo da alamar readOnlyHint mai nuna karatu kawai yake yi ba ya canza komai, amma ka tuna alama ce da marubucin ya saka da kansa, ba shaida ba ce.

Yanzu sai gwajin gaske

Karatu kaɗai ba ya gama aikin, domin kai ka riga ka san abubuwan da ejan bai sani ba, idonka zai riƙa cike giɓi ba tare da ka lura ba. Ka haɗa tambayoyi kamar talatin zuwa hamsin, wasu masu sauƙi irin hawan jini da zazzaɓin Lassa A96.2, wasu tarkon da muka lissafa a sama, wasu kuma waɗanda amsarsu ta gaskiya ita ce wannan tul ba nasa ba ne, misali a nemi lambar gwajin suga na HbA1c wadda 4548-4 ce a LOINC daga tul mai ICD zalla. Amsoshin daidai kuma kada ka tambayi AI, ka zauna da wanda ya karanci harkar rikod na asibiti ko ƙwararren mai saka lambobi ya rubuta maka su daga littafin hukuma, ka biya shi haƙƙinsa. Kuma da bayanan ƙirƙira za ka yi gwajin, kada ka taɓa fayil ɗin mara lafiya na gaske.

Sai ka ba ejan tul ɗin ba tare da ka ƙara masa wani bayani naka a umarnin sama ba, in ka ƙara to naka rubutun kake aunawa ba nasu ba. Kowace tambaya ka maimaita ta ƴan lokuta domin modal ba ya amsa iri ɗaya kullum. Kuma kada ka tsaya a amsar ƙarshe, ka buɗe log ka ga tafiyar: ya kira tul ɗin ma kuwa ko daga ka ya amsa, in tul biyu ne masu kama kamar na nema da suna da na tabbatar da lamba ya zaɓi wanda ya dace, sau nawa ya yi ta lalube kafin ya gano yadda ake cike gurbin, da ya ga fanko me ya yi. Ejan da ya kai ga amsa daidai bayan kira shida na lalube yana gaya maka takardar ba ta da kyau, sa'a ce ta cece shi, kuma kai ne za ka biya kuɗin waɗannan kiraye-kirayen.

Dabarar da ke raba laifin takarda da laifin modal ko na rumbun ita ce ka sake rubuta description ɗin da kanka, ka saka tsarin da shekarar da abin da babu da abin yi in ba a samu ba, kada ka taɓa komai banda rubutun, modal ɗaya tambayoyi ɗaya, ka sake gudanarwa. In sakamako ya gyaru to takardar ce mai laifi kuma ga gyaran a hannunka, ka tura wa masu tul ɗin ko ka ɗora naka a sama. In bai gyaru ba matsalar ta fi zurfi. Ka ɓoye wasu tambayoyin a gefe da ba ka kalla ba lokacin gyara, don kada ka rubuta bayanin da ya dace da jarrabawarka kaɗai. Kuma kada gyaran ya zama littafi, description yana cin wuri a ƙwaƙwalwar modal a kowane kira, sakin layi biyu ko uku masu nama sun fi shafi guda na talla.

Wajen ba da maki ni ban cika son a tara komai a raba a fitar da kashi cikin ɗari ba, domin tul zai iya cin maki mai yawa a tsabtar rubutu da misalai alhali bai faɗi wane ICD yake ɗauke da shi ba, jimillar ta rufe ramin. Gara ka ware uku a matsayin shinge: ba a faɗi tsarin ba, ba a faɗi bugun ba, ba a bambance babu da kuskure ba. Wanda ya faɗi ɗaya cikinsu ba ya zuwa kusa da aikin gaske sai an gyara, sauran abubuwan kuma ka rubuta su a matsayin akwai, rabi, ko babu, da misalin tambayar da ta tona kowanne. Ko wanda ya tsallake ma, lambar da ejan ya kawo shawara ce, mutum mai horo ne zai duba kafin ta shiga fayil ko takardar kuɗi.

Fayil ɗin da ka kwafo da farko kada ka yar da shi. In sabar a hannun wasu take, za su iya canza description ɗin ko rumbun cikin dare ba tare da sanarwa ba, don haka ka sa wata ƴar manhaja ta riƙa kwatanta na yau da wanda ka ajiye ta faɗa maka in an taɓa ko kalma ɗaya, sannan ka saka tunatarwa a kalanda a makon farko na Oktoba da na Afrilu, ka ɗauko sababbin lambobi biyu ko uku daga jerin da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, da CMS suka fitar ka tambayi tul ɗin ka ga ko ya san da su.